Hannunka mai sanda ga rumbun bayanai

Rubutun wannan makon ya faɗo kanmu, mun kuwa zaɓi wata 'yar gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakaninmu, mu da ke kula da manhajojin mutane: shin ya dace mai rubuta tambayar SQL ya riƙa nuna wa rumbun bayanai fihirisar da zai bi, ko kuwa ya kame hannunsa ya bar shi da aikinsa? Masu aiki da MySQL sun san abin da muke nufi, wato USE INDEX da FORCE INDEX da IGNORE INDEX, waɗanda ake liƙawa bayan sunan tebur. Mu a wurin aiki muna ce musu hannunka mai sanda, ko da yake ɗaya daga cikinsu ya wuce nuni, sandar ce ma da kanta.

SQL ba kamar Python ko PHP ba ne, inda kai ne ke faɗa wa kwamfuta ta yi kaza sannan ta yi kaza. A SQL abin da kake so kawai kake faɗa: ba ni cinikin wane na watan jiya. Ta inda za a bi a samo shi ba ruwanka. Tunanin ya samo asali ne daga Edgar Codd na kamfanin IBM, a takardarsa ta 1970, inda ya raba tambaya da yadda aka jibge bayanai a faifai. To wa zai zaɓi hanya? Akwai wani sashe a cikin rumbun da aikinsa ke nan, mu kira shi mai tsara hanya. A 1979 Patricia Selinger da abokan aikinta, su ma a IBM, suka bayyana yadda rumbunsu na gwaji mai suna System R yake wannan zaɓi: ya jero hanyoyin da za su iya kai shi ga amsa, ya sa wa kowace farashi, ya ɗauki mafi araha. Oracle da PostgreSQL da MySQL da SQL Server duk a kan wannan turbar suke har gobe. Abin da ya zaɓa shi ne tsarin aiwatarwa, wanda umarnin EXPLAIN ke nuna mana.

Abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne mai tsara hanya ba ya gwada hanyoyin ya ga wadda ta fi sauri. Kintace yake yi. Yana da wata 'yar ƙididdiga da ya ajiye a kan kowane tebur, layi nawa ne a ciki, ƙimomi iri nawa ne a wannan ginshiƙi, da makamantansu, da ita yake lissafi cikin ƙiftawar ido. Idan ƙididdigar ta yi daidai da gaskiya, da wuya ka fi shi iya zaɓe. Idan ta kauce, zai kai ka ya baro, hankalinsa kwance.

Sababbin shiga kan ɗauka cewa bin fihirisa kullum ya fi karanta tebur kaf, don haka da sun ga EXPLAIN ya nuna ba a taɓa fihirisarsu ba sai su ce rumbun ya yi shirme. Sau da yawa shi ne da gaskiya. Fihirisar da muka saba da ita bishiya ce mai rassa, irin wadda Rudolf Bayer da Edward McCreight suka tsara a kamfanin Boeing a farkon shekarun 1970, kuma hawa uku ko huɗu sun isa ta riƙe miliyoyin layuka. Neman layi ɗaya a cikinta ba wani aiki ba ne. Amma a InnoDB, injin da MySQL ke ajiya da shi, layukan tebur suna jere ne bisa babban mabuɗi, sauran fihirisoshin kuwa abin da suke riƙe da shi shi ne ƙimar ginshiƙinsu da babban mabuɗin. Ke nan duk layin da ka samo ta ƙaramar fihirisa, in kana son sauran bayanansa, sai ka sake tafiya ta biyu zuwa babbar bishiya. Layi goma, tafiya goma, ba komai. A ce kuwa teburin na da layi miliyan 2, sharaɗinka kuma ya dace da rabinsu. Tafiya miliyan ɗaya ke nan, nan da can, a warwatse. Gara a buɗe teburin daga shafin farko a karance shi a jere, kowane shafi mai kilobayit 16 ya zo da layuka masu yawa a ɗauka ɗaya. Wanda ya sa FORCE INDEX a irin wannan wuri ya sayi wahala da kuɗinsa.

To ina yake kuskurewa? Na farko dai ƙididdigar ba ƙidaya ba ce, ɗanɗano ne. InnoDB, in ba ka canza masa ba, shafi 20 kacal yake dubawa a kowace fihirisa ya yanke hukunci a kan sauran, kuma ba ya sabuntawa da kansa sai kusan kashi 10 cikin 100 na layukan sun canza. PostgreSQL kan ɗebi layi 30,000. A teburin da aka loda wa bayanai masu yawa cikin dare ɗaya, ko aka share rabinsa, mai tsara hanya na iya wayar gari yana lissafi da labarin jiya. Maganin wannan ba hannunka mai sanda ba ne, ANALYZE ne, kuma sau da yawa daƙiƙu kaɗan yake ɗauka.

Akwai kuma ginshiƙan da suke tafiya tare, shi kuwa yana musu kallon baƙin juna. Duk wanda ya taɓa gina fom na rajista a Najeriya ya san jiha da ƙaramar hukuma. A ce kana da mutum miliyan ɗaya a tebur, an raba su daidai tsakanin ƙananan hukumomi 774. Wanda ya nemi 'yan Dala zai samu wajen 1,292. Idan ya ƙara da cewa jihar Kano, bai rage ko mutum ɗaya ba, domin duk ɗan Dala a Kano yake. Amma mai tsara hanya zai ɗauki sharaɗin jiha a matsayin wata sabuwar rariya, ya sake rabawa da 37, jihohi 36 da Abuja, ya ce layi 35 ne za su fito. A kan 35 ɗin nan zai gina sauran shirinsa, ya zaɓi salon haɗa tebura da ya dace da ɗan abu kaɗan, sai ga shi da lodin da ya ninka nasa sau 37. Ba kuma za ka ce a cire sharaɗin jihar ba, tunda akwai sunayen da suka maimaitu, kamar Bassa da ke Kogi da kuma Filato. PostgreSQL ya kawo CREATE STATISTICS a siga ta 10, a 2017, don a gaya masa cewa waɗannan ginshiƙan 'yan gida ɗaya ne.

Wanda ya fi ba mu aiki shi ne na uku, kuma shi ya sa muka ɗauki batun da muhimmanci. Mun gaji wata manhaja ta wani dillalin kaya da ke sayar wa 'yan sari, wadda wani ya rubuta shekaru kafin mu zo. A cikinta akwai shafin da ke nuna ciniki goma na ƙarshe na kowane kwastoma, shafin da yaran kanti ke buɗewa duk lokacin da mutum ya zo biyan bashi ko ɗaukar kaya. Tambayar ba ta da wani rikici: a teburin ciniki, ɗauko na kwastoma wane, jera su daga sabo zuwa tsoho, tsaya a goma. Teburin na da fihirisa a kan kwastoma, da wata daban a kan rana.

Hanya biyu ce a gaban mai tsara hanya. Ko ya bi fihirisar kwastoma ya kwaso duk cinikin mutumin, ya jera su, ya ɗauki goman sama. Ko kuma ya bi fihirisar rana daga yau yana ja da baya, yana duba kowane ciniki ko na wane ne, da ya cika goma ya tsaya, ba sai ya jera komai ba tunda a jere suke zuwa. Ga babban kwastoman da ke zuwa kullum, hanya ta biyu ta fi kyau nesa ba kusa ba, kafin ka ja baya kwana biyu ka cika gomanka. Matsalar tana wurin babban kwastoman da ya yi shekaru yana saye sannan ya ɗauke ƙafa wata takwas. Lissafi ya nuna yana da ciniki da yawa, mai tsara hanya kuma ya ɗauka cinikin nasa a barbaje yake daidai wa daida a tsawon teburin, don haka ya ce nan da 'yan layuka zan same su. Sai ya kama hanya, ya ratsa cinikin kowa da kowa na wata takwas, layi bayan layi, kafin ya ci karo da na farko. Wanda ya dawo da niyyar biyan tsohon bashi, wanda mai kanti ya fi kowa ɗokin gani, shi ne zai tsaya yana kallon allo yana juyi.

Wanda ya riga mu ya gano haka, ya sa FORCE INDEX a kan fihirisar kwastoma. Ba mu ga laifinsa ba ko kaɗan. A ranar da ya yi, da irin kayan aikin da ke hannunsa, ya yi daidai. Wannan ɗabi'a ta MySQL ta fifita fihirisar da ta zo da jeri in an sa LIMIT sananniya ce, har sai da masu shi suka ƙaro wani maɓalli mai suna prefer_ordering_index a siga ta 8.0.21 don a iya kashe ta.

Sai dai kiɗa ya canza, rawar ba ta canza ba. Daga baya wani, wataƙila shi ɗin ne, wataƙila wani ne, ya gina fihirisar da ta haɗa ginshiƙan biyu, kwastoma sannan rana. Wannan ita ce ainihin maganin: ka sauka kan kwastoman, ka tarar da cinikinsa a jere bisa rana, ka ɗebi goma ka tashi, ko yana da ciniki ɗari ko dubu ɗari. Amma tambayar shafin ba ta taɓa amfani da ita ba, domin an riga an ɗaure ta da sunan tsohuwar fihirisa. Shekaru suna tafiya, manyan kwastomomi suna tara ciniki, kowace buɗewar shafi sai an kwaso tarihin mutum gaba ɗaya, an yi tafiya ta biyu a kan kowane layi, an jera, sannan a zubar da duka a bar goma. Da muka zo, mai kanti yana ta maganar sayen babbar saba, kuɗin da zai ji a jikinsa. Abin da muka yi shi ne goge kalmomi kaɗan daga layi ɗaya na kod. Fihirisar da ake bukata tana nan zaune, ana biyan kuɗin kula da ita a kowane sabon ciniki, ba mai taɓa ta.

Abin ya yi kama da fasinjan da ya shiga adaidaita sahu ya ce lallai sai an bi ta hanyar da ya sani. Bara da ya faɗa yana da gaskiya, ɗaya hanyar a toshe take ana aikin gada. Bana an buɗe gadar, direba ya sani, amma an riga an hana shi magana. Bambancin kawai shi ne direba zai yi gunaguni, rumbun bayanai kuwa ba zai ce uffan ba.

Yana da kyau a fahimci abin da nunin yake yi a zahiri, domin ba ya ƙara wa mai tsara hanya ilimi. Kintacensa na layi 35 yana nan a 35. Abin da ka yi shi ne rage masa zaɓi. USE INDEX na cewa in za ka bi fihirisa, cikin waɗannan za ka zaɓa, amma yana da damar ya watsar da su ya karance teburin in ya ga ya fi araha. FORCE INDEX na ƙara cewa ka ɗauki karance tebur a matsayin abu mai tsananin tsada, kada ka yi sai in babu yadda za a yi da fihirisar. IGNORE INDEX kuwa ƙofa ɗaya yake rufewa ya bar sauran a buɗe. In dole ta kama, mun fi son wannan na ƙarshe, kuma labarin da muka bayar ya nuna dalili: da wanda ya riga mu ya ce kada a bi fihirisar rana, maimakon lallai a bi ta kwastoma, da ranar da aka gina sabuwar fihirisa tambayar ta koma kanta ba tare da kowa ya taɓa kod ba. Ana ma iya taƙaita nunin ga sashe ɗaya na aikin, da FOR JOIN ko FOR ORDER BY ko FOR GROUP BY, abin da ba kasafai muke ganin mutane suna yi ba.

Wani abin da ake mantawa shi ne tasirin ba ya tsayawa a teburin da ka taɓa. Idan tambaya ta haɗa tebura huɗu, mai tsara hanya yana zaɓen wanda za a fara da shi da wanda zai biyo baya, kuma zaɓin ya dogara da ƙofofin da kowane tebur ke da su. Ka rufe wa tebur ɗaya fihirisar da ake shigarsa da ita daga wani teburin, sai ka ga an juya jerin gaba ɗaya, an fara da wanda ya kamata ya zo ƙarshe. Garin neman gira a rasa ido. Shi ya sa duk wanda ya sa nuni ya kamata ya sake karanta EXPLAIN daga sama har ƙasa, ba layin teburinsa kaɗai ba.

Akwai kuma inda sandar ba ta da amfani sam. Lambobin wayarmu da sifili suke farawa, don haka a matsayin rubutu ake ajiye su. Idan manhaja ta aiko lambar ba tare da alamar zance ba, MySQL zai ɗauke ta a matsayin adadi, ya shiga mayar da abin da ke kowane layi zuwa adadi don ya kwatanta, kuma ba zai iya nema ta fihirisa ba, tunda rubutu iri-iri na iya komawa adadi ɗaya. Haka in ka naɗe ginshiƙin rana a cikin YEAR kana neman cinikin 2024, fihirisar rana ta tashi daga aiki, alhali da ka ce daga 1 ga Janairu 2024 zuwa kafin 1 ga Janairu 2025 da ta yi maka. Mun sha ganin FORCE INDEX a kan irin waɗannan tambayoyi. Wani lokaci EXPLAIN har ya nuna sunan fihirisar, mai kod ya ji daɗi, bai lura ba cewa karance ta ake yi daga farko har ƙarshe, ba nema ake yi a cikinta ba.

Kowane rumbu da yadda yake kallon wannan al'amari, kuma halinsu ya sha bamban ƙwarai. Oracle a cikin sharhi ake rubuta masa nuni, bayan kalmar SELECT, da alamar tarawa a gaba. In ka yi kuskuren harafi, ko ka kira tebur da sunansa alhali ka ba shi laƙabi a tambayar, sai ya ɗauke shi sharhi kawai ya wuce, ba ƙorafi. Mutum na iya shekara yana jin shi ya gyara tambaya, alhali ba a taɓa sauraronsa ba. Sai a siga ta 19c aka kawo rahoton da ke nuna nunin da aka bi da wanda aka watsar. SQL Server ba ya wannan kara: in nuninka ya sa ba zai iya fitar da tsari ba, zai tsaya ya jefo maka kuskure mai lamba 8622. SQLite, wanda ke cikin kowace wayar Android da ke aljihunmu, yana da INDEXED BY, kuma masu shi sun fito fili sun ce ba don gyaran sauri suka yi shi ba. Sharaɗi ne: in ba za a iya bin fihirisar ba, tambayar ta faɗi, domin mai manhaja ya gane tun a wurin gwaji cewa wani canji ya ɓata masa tsari. Wannan tunanin ya burge mu, ya mayar da nunin ƙararrawa.

Masu PostgreSQL kuwa shekara da shekaru suka ƙi saka irin wannan nuni a gindin rumbunsu. Hujjarsu ita ce nuni yana rufe ciwo ne ba ya warkarwa, yana tsufa, yana kuma hana a kawo musu rahoton inda mai tsara hanyarsu ya gaza balle su gyara. Wanda ya matsu sai ya ɗora ƙarin da ake kira pg_hint_plan, wanda ya fito daga kamfanin NTT na Japan. Abin da suka bayar a madadin haka maɓallai ne na lissafin farashi. Misali random_page_cost, wanda ke zuwa a 4, ma'ana ɗauko shafi a warwatse ya ninka ɗauko shi a jere tsada sau huɗu. An sa wannan adadi ne a zamanin faifai mai juyawa. A kan SSD mutane da yawa kan sauke shi zuwa wajen 1.1, sai ka ga tambayoyi da dama sun koma bin fihirisa da kansu. Akwai kuma enable_seqscan, wanda muke kashewa na ɗan lokaci a zaman gwaji don mu ga me zai faru da an bi ɗaya hanyar, sannan mu mayar. Ba abin bari a kashe ba ne a sabar da mutane ke aiki da ita.

A nan ne kanmu ya rabu. Wasunmu suna tare da masu PostgreSQL ɗari bisa ɗari. Wasunmu kuma suna cewa wannan magana ce ta wanda waya ba ta taɓa tashinsa da tsakar dare ba. Hujjarsu tana da ƙarfi: mai kasuwa ba ya neman tambayar da ta fi kowace sauri, yana neman wadda ba za ta ba shi mamaki ba. Tsarin da ke ɗaukar rabin daƙiƙa kullum ya fi masa wanda yawanci ƙiftawar ido ne amma rana ɗaya, don ƙididdiga ta sabunta kanta ta ɗanɗano wasu shafuka na daban, ya koma minti biyu ana tsakiyar cinikin jajibirin salla. Ba wanda ya taɓa kod, ba wanda ya taɓa saba, tsari ya juya da kansa. Manyan kamfanonin ma sun yarda da wannan damuwa, shi ya sa Oracle ya kawo hanyar daskarar da tsarin da aka amince da shi tun a 11g, SQL Server kuma ya kawo Query Store a 2016, inda mai kula da rumbu zai iya cewa a ci gaba da bin tsarin jiya ba tare da an shiga kod ba. Wannan ya fi nunin da aka binne a cikin manhaja, ko ba komai yana wuri ɗaya da za a iya dubawa.

Binnewar ita ce babbar illa a wurinmu. Nuni yana ɗaure kod da sunan fihirisa. A MySQL, ranar da wani ya goge fihirisar ko ya canza mata suna, duk tambayar da ta ambace ta a FORCE INDEX ko USE INDEX ba rage sauri za ta yi ba, faɗuwa za ta yi da kuskure mai lamba 1176. Mai share fihirisoshin da suka yi yawa yana ganin tsafta yake yi, sai ga shafin biyan kuɗi ya mutu. Siga ta 8.0, wadda ta fito a 2018, ta kawo sauƙi: kana iya ɓoye fihirisa ba tare da ka goge ta ba. Tana nan ana sabunta ta, amma mai tsara hanya ba ya ganinta, tambayoyin da suka kira sunanta kuma za su yi kuka nan take. In abu ya ɓaci, umarni ɗaya ya dawo da ita, ba sai an kwana ana sake gini ba. Da wannan dabarar, a kan kwafin gwaji, muka tono sauran nunin da ke ɓoye a manhajar dillalin, har da waɗanda bincike a kod bai nuna ba saboda ana harhaɗa tambayar ne gutsure-gutsure. Sabon salon nuni na MySQL, irin na cikin sharhi, wanda ya samu INDEX da NO_INDEX a 8.0.20, gargaɗi kawai yake bayarwa in bai ga fihirisar ba, tambayar ta ci gaba.

Yadda muke yi yanzu ba wani sirri ba ne. In tambaya ta yi nauyi, gani ya kori ji, muna fara da EXPLAIN ANALYZE, wanda PostgreSQL ya daɗe da shi, MySQL kuma ya samu a 8.0.18. Shi yana gudanar da tambayar da gaske, ya ajiye maka kintace kusa da abin da ya faru, layi nawa aka zata, layi nawa suka fito. Inda ka ga an zaci 35 an samu dubu da ɗoriya, nan ciwon yake. A kula, a PostgreSQL in ka yi shi a kan DELETE ko UPDATE zai aikata da gaske, sai a sa shi tsakanin BEGIN da ROLLBACK. Daga nan mu sabunta ƙididdiga, in ginshiƙin irin mai ƙima ɗaya da ta rinjayi sauran ne kuma ba shi da fihirisa mu gina masa histogiram, mu duba ko rubutun tambayar ne ya toshe hanya, mu duba ko fihirisa mai haɗe ginshiƙai ce ta rasa. Yawanci kafin a kai ƙarshen wannan an gama.

In ba a gama ba, ko kuma wuta ce ta tashi mutane na tsaye a layi, muna sa nuni ba tare da jin kunya ba. Amma a saman layin muna rubuta ranar da aka sa, da dalili, da yawan layukan teburin a ranar, da abin da in ya faru a cire shi. Duk lokacin da za a ɗaga sigar rumbun kuma, muna cire su ɗaya bayan ɗaya a kwafin gwaji mu ga ko har yanzu ana bukatarsu, domin mai tsara hanyar sabuwar siga ba shi ne na tsohuwa ba. Masu manhajojin da har yanzu ke kan MySQL 5.7, wanda aka daina ba shi gyara tun Oktoba 2023, wannan aikin yana jiransu ranar da za su ƙaura.

A manhajar dillalin, nuni biyu muka bari. Ɗaya IGNORE INDEX ne a rahoton ƙarshen wata. Ɗayan FORCE INDEX ne a tambayar da ke lissafa bashin da ya wuce wa'adi, inda kusan duk layukan teburin an biya su, 'yan kaɗan ne ke jira, mai tsara hanya kuma yakan yi ta sauya ra'ayi tsakanin fihirisa biyu. Maganinta na dindindin fihirisa ce mai haɗe matsayin biya da ranar wa'adi, amma teburin ya yi girma, mai kanti kuma ya ce kada a taɓa masa komai sai kasuwa ta lafa bayan salla.